Garin da Ake Ginawa Sau Ɗaya

Iklima, kife wayar nan. Hafiza, taso daga bakin ƙofa, dawo nan kusa da ni. Tunda an ɗauke wuta kuma kun nace sai na ba ku labari, zan ba ku. Amma yau ba kwaikwayon mai tallar kifi, ba na Baba in yana neman hularsa. Yau ba dariya. Wannan da ni ya faru, kuma ba daɗin faɗa yake mini ba.

Kun sha tambayata me ya sa nake yin muryar kowa a gidan nan amma ban da ta Tela, ɗan Gwaggo Asabe. To ku saurara. Maganganunsa a miƙe zan faɗe su. Kun san yana da i'ina. Ku sa ta a zuciyarku da kanku, ni na daina.

Shekara biyu ke nan. Lokacin ina tsakiyar haukar wasan harbin nan na waya. Mu huɗu ne a ƙungiyarmu: ni, da Tela, da wani Sagir a Jos, da Lawwali a Gusau. Waɗancan biyun ban taɓa ganin fuskarsu ba, muryarsu kawai na sani. Za a jefa mu cikin gari tare da wasu mutane daga ko'ina a duniya, a yi ta harbe-harbe har ƙungiya ɗaya ta rage.

Garin kuwa ba mutum ke zana shi ba. Da an danna farawa, na'urar wasan ce ke ƙago shi nan take. Ta jera lunguna, ta dasa bishiyoyi, ta haƙa rijiya, ta aza gidaje. Minti ashirin an gama, ta share shi. Ba zai ƙara dawowa ba. Ba mai haddace hanya. Kullum kowa baƙo ne.

Gidajen kuma ba kowa a ciki. Gado a shimfiɗe, tukunya a kan murhu, labule yana kaɗawa. Ba mai gida.

Tela ya fi mu duka ido. Mutumin da ya saba hango ɗinkin da ya karkace daga nesa, kallo ɗaya zai yi wa taswira ya gane inda lungu zai ɓulle. Abu ɗaya ne ke haɗa mu da shi. Duk ƙofar da sojansa zai shiga, sai ya tsaya ya yi sallama. Cikakkiya. Kun kuma san tsawon lokacin da take ɗaukar masa.

Lawwali ya dinga yi wa Tela ihu ke nan: "Kai Ɗalhatu, mi kaka yi bakin ƙohwa? Halbinmu aka yi! Shiga mana!"

Sagir ya ce, "Oga, wa kake wa sallama? Kujera?"

Shi kuwa sai ya ce, "Gida gida ne. Inna ta ce ko kango za ka shiga, ka yi sallama. Ba ka san wanda ya riga ka ba."

Wata Laraba da la'asar muka kai ƙarshe, saura mu da ƙungiya ɗaya. Ba mu taɓa kaiwa nan ba. Tela ya tsaya a bakin wata ƙofa, ya fara. Bai kai rabi ba suka harbe shi ta baya. Muka faɗi.

Bayan wasa akwai inda ake taruwa ana hira, kowa yana jin kowa. Ranar mun kai mutum ashirin. Na buɗe makirfo. Na saukar da muryata, na ɗauko tasa. Na ce wa abokan gaba su ɗan dakata da harbin, ban gama sallama ba. Kowace kalma sai da na kakkarya ta, na ja ta, na maƙale a kai yadda yake maƙalewa. Har ɗan numfashin da yake ja kafin ya sake gwadawa, sai da na yi.

Suka mutu da dariya. Lawwali har da tari.

Tela ya kira sunana. Sau ɗaya. "Barira."

Na amsa masa da muryarsa. Na ce, "Na'am, angon ƙofa?"

Sunansa ya ɓace daga allon.

Sagir ya riga ya naɗi muryar, ya tura guruf. Kafin Alhamis da yamma ta isa layin teloli, ana kunnawa ana sakewa. Ta isa kunnen Gwaggo Asabe. Tela ya toshe lambata. Duk wanda ya yi mini magana sai in ce, "Haba, taubashina ne fa. Wasa ne." Abin da ban faɗa wa kowa ba, na saurari abin sau uku ni kaɗai, ina yaba kaina.

Sai Juma'a.

Rana tsaka. Maza sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit. Irin lokacin da Inna, kakarmu, take hana mu zama gindin tsamiya. Umma tana ɗaki ta ɗan kishingiɗa. Na duba, Sagir ba ya kan layi, Lawwali ma haka. Na ce bari in shiga ni kaɗai, wasan ya haɗa ni da duk wanda ya samu. Na sa iyafis a kunnen hagu. Na dama na bar shi a buɗe, don in ji in Umma ta kira.

Garin ya daɗe bai buɗe ba.

Da ya buɗe, jar ƙasa na gani. Katangu na laka, zauruka, lunguna siriri. A tsakiya wata tsamiya da ta rufe rabin sama. Ban taɓa ganin wasan ya yi gari irin namu haka ba. Na ce kai, yau na'ura ta zo gida.

Na saurara. Ba ƙarar bindiga ko ɗaya.

A saman allo akwai inda ake nuna yawan waɗanda suka rage. Da sittin ake farawa. Na duba. Biyu.

Abokin da aka haɗa ni da shi yana tsaye a gabana, ya ba ni baya. Dogo. Inda sunansa ya kamata ya fito, ba komai. Ya fara tafiya. Na bi shi.

Takun soja a wasan nan na san shi kamar sunana. Dif, dif, takalmi mai nauyi. Nasa ba haka ba ne. Ƙwas. Ƙwas. Kamar akuya a kan daɓe.

Kuma a kunnen dama nake jin sa.

E, Iklima. Kunnen da ba iyafis. Saki hannuna, kina mintsinina.

Na nemi inda ake dannawa a fita. Babu. Na danna madannin kashe waya. Ba ta mutu ba. Ƙwas, ƙwas, yana gaba ina biye. Sai na fara lura da ƙofofin. Kowace ƙofa da takalma a jere. Manya, ƙanana, har da na jariri. Hayaƙi yana tashi ta bayan katanga. Wani labule ya ɗaga kaɗan, ya koma. A wani gidan aka yi tari, aka shanye shi.

Sai ya yi magana. Muryar dattijo, a natse. Ba ta da shuuu ɗin nan na waya. Kamar yana zaune a bakin gadona.

"Kwana biyu mai sallama bai zo ba."

Ya ci gaba da tafiya, yana magana.

"Kun sare tsamiyoyi. Kun cike kududdufai kun yi shaguna. Muka rasa wurin sa kai. Sai muka ji labarin ana gina garuruwa dubu-dubu kowace rana, ba mai kwana a ciki. Muka shigo da iyalanmu." Ƙwas. Ƙwas. "Kuna banko mana ƙofa. Kuna taka mana tabarma da takalmi. Muna haƙuri, gari ya rushe, mu koma na gaba. A cikinku duka mutum ɗaya ne ke neman izini."

Ya tsaya. Bai juyo ba.

"Kai ne?"

Ga inda na yi abin da na yi. Na ce a raina, in na ce ni ce Barira mai banko ƙofa, na shiga uku. In na ce shi ne, za a bar ni in fita. Wuyana ya san hanya. Na saukar da murya.

"E-e. Ni-ni ne."

"Sunanka?"

"Ɗa-Ɗalhatu."

"Madalla. Biyo ni. Mun ajiye maka abu."

Ya kai ni wani zaure a gindin tsamiyar. Ya tsaya a gefen ƙofa, ya nuna mini ciki da hannu. Ni kuwa sauri nake a gama. Na tura sojana. Na shige kai tsaye.

Komai ya ɗauke. Tarin, hayaƙin, iskar da ke kaɗa ganye. Tsit.

Sai a lokacin na tuna ban yi sallama ba.

Ƙwas. Ƙwas. Ya shigo bayana.

"Kin iya muryarsa," ya ce. "Shi ne ba ki iya ba."

A tsakiyar zauren akwai tabarma. A kanta wata ƙaramar ƙwarya, an rufe da faifai. Ya buɗe. Ruwa ne, fari tas, yana ɗan motsi shi kaɗai.

"Wannan nasa ne. Shekara guda muna tara masa, ɗigo ɗaya a kowace sallama. Da ya sha, da ƙullin harshensa ya kwance."

Na buɗe baki in ce a ajiye, zan kira shi. Maganar ta maƙale.

"Garin nan sau ɗaya ake gina shi," ya ce. "Abin da aka buɗe a cikinsa, a cikinsa yake ƙarewa."

Ya miƙo ƙafa daga ƙarƙashin riga. Na gan ta. Ba zan kwatanta muku ba, Hafiza ba za ta yi barci ba. Kofato ne, shi ke nan. Ya tura ƙwaryar a hankali. Ruwan ya bi ƙasa, ƙasa ta shanye.

"Muryar da kika shigo da ita, tafi da ita."

Wayar ta mutu a hannuna, da zafi kamar an cire ta daga murhu. A waje na ji hayaniyar masu dawowa daga masallaci. Na ce a raina alhamdu lillahi, gyangyaɗi na yi.

Umma ta ƙwalla kira: "Barira! Sauke mini tukunyar nan!"

Na buɗe baki. "To-to-to, U-umma."

Muryar namiji. Muryarsa.

Umma ta fito da ludayi a hannu. "Ba ki daina iskancin nan ba? Gwaggonki har kuka ta yi jiya! Ke wace irin zuciya gare ki?"

Kun tuna lokacin da aka ce ciwon maƙogwaro ya kama ni, na yi kwana tara ina magana da hannu? To ba maƙogwaro ba ne.

Ina shiga banɗaki in rufe, in nemi muryata. Babu. In nemi ta mai kifi, ta Baba, ta Lawwali. Duk sun tafi. Tasa kaɗai ta rage. A nan na san mece ce i'ina. Ni da na zaci maimaita harafi ne kawai. Ashe maganar tana nan a kanki cikakkiya, kin san ta, kina ganinta, ta zo wuya ta tsaya kamar ƙofar da ta kumbura da damina. Ki tura. Muƙamuƙi ya yi ciwo. Ki sake turawa.

Na koma wasan ina neman garin. Na shiga gari ya fi arba'in. Garin ƙanƙara, garin tashar jirgin ruwa, garin gonakin rake. Jar ƙasa da tsamiya ba su dawo ba. Ai na sani. Ni na gaya muku ba ya dawowa.

Ranar Litinin na rubuta takarda, na sa hijabi na tafi shagonsu. Yana kan keke yana ɗinka wuyan riga. Na ajiye masa takardar. Bai ɗago ba. Ya ɗauke ta ya sa ƙarƙashin kwalbar man keke, ya ci gaba da ɗinki.

Ba yadda zan yi. Sai baki.

"Ɗa-Ɗa-Ɗalhatu. Ka ya-ya-ya..."

Kekuna uku ne a shagon. Duk suka tsaya. Malam Sabi'u, mai shagon, ya zare tabarau.

"Ke! Har shago kika biyo shi da wannan? Ba ki da kunya ne? Fita!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Tela ya ɗago. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba fushi ba ne. Gajiya ce. Ya dube ni, sai idonsa ya sauka ƙasa, ya tsaya a kan ƙafata.

Ni ma na duba. Babban yatsana yana danna silifa, yana saki, yana dannawa. Ban san ina yi ba.

"Bar ta, Malam," ya ce. "Ba kwaikwayo take ba. Wannan a cikin takalmi nake yin sa, in tura magana ta fito. Ba wanda ya taɓa gani."

Ya janyo mini kujera. Ya naɗe hannu. Ya jira.

Ku ji wannan da kyau. Shekara ashirin, in ya fara magana ni ke ƙarasa masa, don in huta. Rabin lokaci ma ba abin da zai faɗa ke nan ba. Shi ya san abin da nake so in ce. Kalma uku ce. Bai ƙarasa mini ba. Bai kalli agogo ba. Ya zauna har na fito da ita da kaina.

"Ka ya-yafe mi-mini."

Na yi niyyar in ɓoye maganar ƙwaryar. Wallahi na yi niyya. Wa zai sani? Amma yadda ya zauna yana jirana, na kasa. Na faɗa masa duka. Sai da aka kira la'asar na gama.

Ya ɗauki zare zai zura a allura. Ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Tela fa.

"Da gaske da ya kwance?"

Na gyaɗa kai.

Ya tashi ya fita bayan shago. Ya daɗe. Na ji ƙarar buta. Da ya dawo fuskarsa a jiƙe, har gaban rigarsa.

"Ciro wayarki."

Na ce masa garin ba ya dawowa.

"Ba garin za ki nema ba. Duk gidajen nasu ne."

Kwana shida muka yi. Kullum bayan la'asar, a bencin ƙofar shago, ni da shi. Duk garin da aka jefa mu, duk ƙofar da na tarar, in tsaya in fara sallama. Shi kuma ya juya baya ya tsare ni da bindiga. Sau nawa aka harbe ni ina tsakiyar kalma, ban ƙirga ba. Sagir ya zaci kwaikwayon nake ci gaba da yi, ya fara dariya. Tela ya ce masa, "Ka yi shiru ko ka fita." Ya yi shiru. Lawwali kuwa daga baya shi ma sai ya dinga zuwa yana tsayawa a ɗaya gefen, yana gunaguni: "Ni dai ban gane ba, amma yi maza, ɗiyar ga."

Rana ta shida. Garin ba wani abin kallo. Hanyar kwalta, gidan mai da ya ƙone, a bayansa wata 'yar rumfar kwano mai ƙofar buhu. Na tsaya. Na danna yatsa. Na tura, na tura, har na kai ƙarshe.

A kunnen dama, kusa sosai, wata tsohuwa ta ce, "Wa alaikumus salam. Shigo, 'yar nan."

Na ce, "Na gode."

Da muryata.

Na saki wayar ta faɗi a cinyata. Na ce masa, "Ka ji? An amsa! Wallahi an amsa!"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Ai kullum suna amsawa. Na zaci kowa yana ji."

Muryoyina sun dawo ɗaya bayan ɗaya. Ta mai kifi ce ta fara. Ƙwarya kuwa ba a ƙara kawo wata ba. Har yau yana i'ina, kun sani. Ranar da na sake ɗauko maganar, cewa ya yi, "Da wannan harshen suka ji ni. Bar shi." Ya yafe. Amma duk sanda na gan shi a kasuwa yana kokawa da kalma, mai kanti yana ƙarasa masa yana kallon na bayansa, ni na san abin da na zubar.

Kuma an bar mini alama. Ba ku lura tun ɗazu Tela nake ce masa ba? Da muryar Lawwali ina iya kiran sunansa. Da ta Umma ma haka. Da tawa fa?

To, Hafiza, tunda kin ce in gwada. Ɗa... Ɗa-Ɗa...

Kin gani. Dubi ƙafata.

Don haka, Iklima, na san kin saukar da wasan a wayarki, kada ki yi mini ƙarya. Ban hana ki ba. Amma kada ki shiga ke kaɗai da rana tsaka. In kika ga gari ya yi shiru, kika ga takalma a bakin ƙofa, ki tsaya ki nemi izini ko da za a harbe ki. In an tambaye ki ko ke wace ce, ki amsa da muryar da Allah ya ba ki.

Shhh. Ku ji. Taku ne a zaure.

Kai, ku sake ni! Takalmi ne, ba ku ji ba? Shi ne, ya kawo ɗinkin Umma. Ga shi nan ya tsaya a bakin ƙofa, ya fara.

Kada wadda ta amsa tukuna. Ku bari ya kai ƙarshe.